Lamba ta Biyu

Zakaran maƙwabcinmu ya fi ni suna a Gummi, kuma ni na jawo masa. Ranar da na zauna ɗaukar muryata saboda injin da zai riƙa gaya wa manoma halin da gulbi yake ciki, na kulle ƙofa, na toshe taga da bargo, na gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, na ce, "Salamu alaikum manoma, gulbi shina nan lahiya lau." Ban rufe baki ba ɗan banzan ya ɗage wuya a kan katanga ya yi cara. Na goge na sake, shi ma ya sake. Da na gaji sai na ce je ka, ka ci, na bar shi a ciki.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba. Na dawo gida ina zaman jiran aiki, sai wata ƙungiyar manoman fadama ta ɗauke ni. Damuwarsu ɗaya ce: gulbi yakan taso ba sallama, ya kwashe shinkafa, ya haɗa da injinan ban ruwa. Muka kafa wani turke can sama da gari, muka yi masa zane da fenti, muka sa wani mutum ya riƙa dubawa kowace safiya yana turo saƙo. Ni kuma na rubuta manhajar da za ta karɓi saƙon. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ofis, da sim ɗaya a maƙale a gefenta. Bayan an fito sallar asuba sai ta kama kiran wayoyin manoma ɗaya bayan ɗaya, ta kunna musu muryata. Maganar iri uku ce: gulbi lafiya lau, gulbi yana tasowa, ko kuwa ku kwashe kayanku.

Zakaran yana cikin ta farkon ne kawai. Ban san abin da na shuka ba sai da na ji wani masunci yana koya wa ɗan'uwansa yadda ake amfani da abin. Ya ce, "Kar ka wahal da kanka da surutun yaron. In ka ji zakara, koma barci. In ba ka ji zakara ba, kama hanyar hwadama." Kai jama'a! Na kwana biyu ina zaɓen kalmomi, ashe kaza ake saurare.

Akwai wani abu kuma da na ƙara, wanda ban rubuta shi a kowace takarda ba. Sabis ɗin waya a lokacin sai ya ga dama. Don haka na ce kowane manomi ya ba da lamba ta biyu, ta wani na gida. In injin ya kira mutum bai same shi ba, sai ya juya ya kira wannan lambar. Tsakanin azahar da la'asar na yi shi, na manta da shi.

Autan gidanmu yana cikin waɗanda aka yi wa rajista, don yana da 'yar gonarsa ta shinkafa. Lambarsa ta biyu kuwa ta Inna ce, wata ƙaramar waya mai tocila da take ɗaurewa a haɓar zane.

Sai Auta ya ga abokansa suna dawowa daga wajen haƙar zinari can bayan Anka, kowa bisa sabon babur. Inna kuwa ta riga ta ji labarin gubar dalma da yadda ta yi ɓarna a ƙauyukan wajen. Ta ce ba ya zuwa. Ya ce sai ya je. Duk wanda ya san Inna ya san ba a ja da ita, duk wanda ya san Auta kuma ya san daga wurin wa ya gado. A zaure, gaban mutane, ta ɗaga yatsa ta ce, "Wallahi in kat tahi, hannuna ba shi ƙara taɓa waya in kira ka." Ni ma da bakina ba ya zama wuri ɗaya, na kira shi gafiya a gaban abokansa. Ya saɓa jaka ya fita. Kafin motarsu ta kai Daki Takwas ya kulle lambata a wayarsa.

Shi ke nan, gida ya yi tsit. Ita ba ta kira, shi ba ya kira, kuma wanda ya kuskura ya ambaci sunansa a tsakar gida ya sha harara.

Bayan kaka na zauna ina tsabtace lambobin da ke cikin injin. Da muna cin tuwo na ce, ba da wata manufa ba, zan cire lambar Auta tunda ya bar noma. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai wanga" nake a bakinta. Ta aje loma ta dube ni.

"Kai wanga, wa ya aike ka?"

Na ce ai ba ya buƙatar labarin gulbi a cikin rami.

"Lambar nan, tuwonka taka ci? Bar ta inda kag gan ta."

Na bar ta, amma na fara lura. Kowace safiya in ta idar da salla ba ta tashi daga kan tabarma. Takan kwance wayar daga haɓar zane ta aje a gabanta, ta ci gaba da jan carbi, idonta a wani wuri daban kamar ba ruwanta da ita. Sai rana ta sauko ta taɓa bakin randa, sannan ta ce alhamdulillahi, ta ɗaure wayar, ta tashi hura wuta. Na je ofis na duba injin. Kullum Auta yana ɗauka. Ba ɗauka kawai ba, yana saurare har zakara ya gama cara. Wani direba mai kai kaya wajen Abare, inda su Auta suke haƙa, ya gaya mini cewa inda suke babu sabis ko na magani, sai an hau wani tudu. Ya ce, "Ƙanenka kam ya cika son noma. Kullum da swahe shina bisa tudun nan shina sauraren labarin ruwa."

A nan na gane. In ya ɗauka, wayar Inna ba za ta yi ƙara ba. Shirun wayar shi ne gaisuwarsa, shi ne kuma shaidar cewa ya kwana lafiya. Ba su shirya ba, ba su yi magana ba, rantsuwa tana nan daram, girman kai yana nan daram, amma kullum sai sun gaisa ta cikin wata dabara da na yi don maganin rashin sabis. Sau ɗaya na taɓa ganin wayar ta yi ƙara, cikin damina. Inna tana riƙe da ludayi, ƙoƙon koko ya tuntsire a kan tabarma. Yinin ranar ba ta ci komai ba. Washegari wayar ta yi shiru, ta tashi ta dafa wake da shinkafa kamar ranar suna.

Ana nan sai ƙungiya ta samu tallafi. Tallafi kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, da injiniyansa yake zuwa. Namu daga Abuja aka kawo shi, matashi mai ladabi, mai ƙamshin turare, jakar bayansa ta fi kwamfutar ofishinmu daraja. Ya buɗe manhajata ya karanta, ya cire gilashi, ya ce innalillahi. Ban ga laifinsa ba. Cikinta kamar ɗakin ajiyar tsohuwa yake, komai yana nan amma mai ɗakin kaɗai ta san inda yake. Ya ce za a rushe a gina sabuwa, siga ta biyu, wadda za a sauke a babbar waya, da taswira, da launi, da hoton gajimare yana motsi.

Na ce madalla. Aka kira zama gaban shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai yawan gyangyaɗi. Na ce wa injiniya ya rushe ciki yadda yake so, ni ma zan kama masa. Abu ɗaya nake roƙo: ya bar ƙofa inda take. Lambar da take kira ta ci gaba da kira, a lokacin da ta saba, da muryar da aka sani, in ba a samu mutum ba ta nemi na biyunsa. Abin da ke bayan bango namu ne, amma inda hannun mutane ya saba kamawa ya zama alkawari, ko mun furta ko ba mu furta ba.

Ya yi murmushi irin na likita. "Malam, mu bi abin a hankali. Wannan zakaran, yana cikin takardar aikin?"

Na ce babu.

"Lamba ta biyu fa?"

Na ce ita ma babu.

"To ka gani. Abin da ba a rubuta ba, ba aikin manhaja ba ne, kuskure ne da ya daɗe. Kuma in muka bar tsohuwar tana aiki, wa zai koma sabuwa?"

Tambayarsa ta ƙarshe gaskiya ce, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na ce a bar su biyu su yi tafiya tare na ɗan lokaci, a sanar da mutane, wanda ya shirya ya koma. Na kawo masa misalin mai shayin tasha da ba ya ɗora tukunya sai kiran ya shigo, da matan da suke jin labarin gulbi a wayarsu in mazansu sun kwana a gona. Na faɗi kowa ban da Inna. Ta yaya zan ɗora sirrin uwata a kan teburin ofis, tsakanin kwalaben lemo, alhali ita kanta ba ta yarda akwai shi ba? Murya ta ɗaga, na buga tebur, Alhaji ya farka.

Ya dubi injiniya ya ce, "Wagga siga ta biyu, ana yi mata bukin buɗewa?"

"Sosai, ranka ya daɗe. Har da 'yan jarida."

Ya juyo gare ni. "Taka fa?"

Na ce tawa ai a buɗe take tun tuni. Ya ce to magana ta ƙare.

Ni kuma aka ƙara mini girma. An san yadda ake ƙara wa mutum girma in ana so ya matsa daga kusa da kwamfuta. Na zama jami'in wayar da kan jama'a, aka ba ni riga mai tambari da hular hana salla.

Biki ya yi biki. Rumfuna, kujerun roba, maroƙi, da wani ƙaton allo mai hoton manomi yana dariya rungume da masara, a taron masu shinkafa. Aka ɗaure wata sabuwar kwamfuta da jan ƙyalle, Alhaji ya yanka da almakashi. Sannan aka ɗauko tsohuwata a kan faranti kamar kan rago, injiniya ya zare mata waya a gaban jama'a, aka yi tafi. Wallahi har da ni a masu tafin, don mai hoto yana kallona.

Daga nan na shiga wayar da kai. Sabuwar manhaja tana son babbar waya, tana son data, tana son lambar sirri mai babban harafi da ƙarami da lamba da wata alama. Wani dattijo ya tambaye ni ko in ya ɗauki ƙananan haruffa zalla za a yi masa ragi. Wanda ya jure har ya shiga, muryar wata mata ce za ta tare shi da Hausar rediyo tana cewa matakin ruwa yana cikin yanayi na daidaito. Su ce, "To, ina zakara?" Masu ƙananan wayoyi kuwa an ce za a riƙa tura musu saƙo a rubuce, ya je ya kwanta cikin tallace-tallacen kamfanin waya da ba mai buɗewa. Ba a yi nisa ba manoma suka koma tura mai babur ya dubo turken da idonsa. A rahoton da aka aika wa masu tallafi an ce aiki ya samu karɓuwa, kuma ba ƙarya aka yi ba, duk 'ya'yan Alhaji sun sauke.

Duk wannan abin dariya ne, ina iya ba da labarinsa a majalisa a yi ta ƙyaƙyatawa. Abin da ba na dariya ba yana tsakar gidanmu. Washegarin biki Inna ta idar da salla, ta kwance waya, ta aje. Rana ta taɓa bakin randa. Ta ce alhamdulillahi. Ni kaɗai na san babu wanda aka kira. Wayar ba za ta ƙara yin ƙara ba, ko Auta yana lafiya, ko rami ya rufta da shi.

Na gwada gaya mata. Na tsuguna na ce, "Inna, an fa canza injin nan na ofis."

"Ina ruwana da injinku?"

"Wai ina nufin kiran da yake yi da safe…"

Ta sha mur. "Ba kai ka aikin nan ba? To mi ad damuwata?"

Ta rufe mini baki da yardar da ta yi da ni. Na tashi na fita.

Na nemi Auta ta kowace hanya. Lambata a kulle take. Na ari wayoyin mutane ina kira a daidai lokacin, tana shiga, ba ya ɗauka. A shekarun nan baƙuwar lamba ba alheri take kawowa mutanen daji ba, ban ga laifinsa ba. Na tura saƙo, ya bi sahun tallace-tallace. Direban nan kuma ya canza hanya. Da farko shigar kiran ma tana kwantar mini da hankali, na san yana bisa tudu. Daga baya sai ta daina shiga. Lamba ɗaya ce a duniya na san zai ɗauka, ita kuwa tana cikin tsohon sim, a kulle a sito.

Na nemi a ba ni. Mai sito ya ce sai da izinin injiniya. Injiniya ya ce shi ba ya da matsala, amma an shirya saka tsohuwar kwamfutar da sim ɗinta a akwatin gilashi don baƙi su ga daga inda aka taso, sai dai in Alhaji ya yarda. Alhaji ya ce a kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna ya zaɓi shugaba, ya ɗage zama. Sannan Alhaji ya tafi Umra. Ni kuwa ina ta tura wa layin kati kaɗan-kaɗan don kada kamfani ya kashe shi, ina ciyar da sim ɗin da ke barci a cikin kwali. Rani ya wuce, bazara ta shigo, kullum Inna tana godiya ga Allah a kan shirun da babu kowa a cikinsa. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Abin da kwamiti ya kasa, ɓeraye suka yi. Suka addabi sito, aka ce a kwashe tarkace a ba 'yan gwangwan. Ba a ƙara maganar akwatin gilashi ba. Na tsaya a bakin ƙofa, mai kura yana fitowa na sauke kwamfutata daga kan tsofaffin kujeru, sim ɗin yana nan maƙale a gefenta, na rungume ta zuwa gida. Na haɗa ta da batirin sola a ɗakina. Na share kowa da kowa, na bar lamba biyu. Babu mai turo mini saƙon turke yanzu, don haka na kafe ta a kan magana ɗaya: gulbi lafiya lau. Na kwanta ina jin kaina gwarzo. Ban tsaya na tambayi kaina ko har yanzu akwai mai hawa tudu ba.

Da safe ina tsaye a kan injin. Ya kira Auta. Ba a same shi ba. Ya sake, ba a same shi ba. Sai ya yi abin da na koya masa tun farko.

Na ji ƙarar daga tsakar gida. Na fito da gudu ba takalmi. Inna tana zaune, carbi ya tsaya a hannunta, tana kallon wayar tana rawa a kan tabarma. Ta daɗe kafin ta ɗauka. Ina jin muryata tana fitowa, cike da fara'a, tana gaishe da manoma, zakara ya biyo baya. Ban taɓa tsanar muryata kamar ranar ba.

Ta miƙe ta ce, "Kai wanga, tashi ka kai ni."

Na ce ta tsaya ta ji. Na zayyana mata komai a tsaye, da tudun da Auta yake hawa, da injiniya, da biki, da sito. Na ce wataƙila lafiyarsa lau, kawai an daɗe ba a kira shi ba ne. Na ɗauka hankalinta zai kwanta. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bayan kaka.

"Watannin ga duka, shirun banza nika saurare?"

Ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe adakarta, ta fito da ɗan ƙulli a hammata.

Muka shiga motar Anka. Mun wuce Nasarawa Burkullu mota ta faɗa wani rami, ƙullin ya kwance kaɗan a cinyarta, na hango gefen farin yadi. Na san shi. Likkafaninta ne da ta daɗe da tanada wa kanta a ƙasan adaka. Ta gyara ɗaurin ba tare da ta dube ni ba. Na juya ina kallon gonaki, idona ya cika.

Daga Anka muka hau babura. Wurin ba sai an nuna maka ba, ƙarar injinan niƙa dutse ce za ta tare ka, ga bukkokin leda, ga mutane fari fat da ƙasa kamar an tono su. Inna ta rufe hanci da mayafi tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Muka same shi tsugune a bakin wani kududdufi yana wankin ƙasa a faranti. Ya rame, wuya ya yi tsawo, amma shi ne, da ransa. Ya ɗago ya gan mu, farantin ya suɓuce.

Ni na zaci za a yi kuka a rungume juna. Ina! Ba a gidanmu ba. Inna ta tsaya a kansa ta ce, "Mi ya hana ka ɗauka?"

Ya durƙusa sosai. "Ɗaukar mi, Inna? An bar kirana."

"Kai kuma sai kab bar hawa?"

"Na yi ta hawa. Har sanyi ya wuce ina hawa." Ya sunkuyar da kai. "Na ce ke kis sa Yaya ya cire ni."

Inna ta juyo ta watsa mini wani kallo da ya kamata a ce Abuja aka kai shi. Na karɓa, tunda ni ne a kusa.

Ta ce ya gwada mata tudun. Muka ce rana ta yi zafi, ƙafarta kuma ba lafiya. Ta miƙa mini ƙullin ta kama hanya. Tudun ba wani babba ba ne, amma tsakuwa ce zalla, sai da ta huta a tsakiya. A samansa akwai wata bishiyar ƙaya guda da ƙusa a jikinta inda yake rataye waya, da wani dutse da zama ya goge shi har yana sheƙi. Ta kwance wayarta ta ɗaga sama. Sabis ya fito, sanda ɗaya tal.

"Nan kaka zama?"

"Nan."

"Kullum?"

"Kullum."

"Har da ruwa?"

"Har da ruwa, Inna."

Ta zauna a kan dutsen ta daɗe tana shafa shi da tafin hannu. Sannan ta share fuska da mayafi, ta ce masa ya rame kamar kara, kuma rigarsa ko mahaukaci ba ya sa ta. Shi kuma ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Gafiya tana gaisuwa." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce zai duba.

Bai biyo mu gida ba. Ya ce sai ya haɗa abin da ya zo nema, ita kuma ba ta roƙe shi ba. A hanyar dawowa ta ɗora ƙullin a kujera ta zauna a kansa. Da muka iso ta auna hatsi ta aika wa miskinai. Ban tambaye ta na mene ne ba, kowa ya san kaffarar rantsuwa.

Na so in tashi da wuri washegari in ga ko Auta zai ɗauka, amma gajiya ta danne ni bayan salla, sai ƙarar fankar kwamfuta ce ta tashe ni. Na leƙa. Injin ya kira lamba ta farko, ya tarar ana magana a layin. Ya juya ya kira ta biyu, ita ma ana magana. Ban taɓa koya masa abin da zai yi in haka ta faru ba, don ban taɓa zaton za ta faru ba. Ya tsaya cak, ya cika fuskar kwamfutar da jan rubutu yana neman agaji.

Na ja kujera na kai hannu zan gyara. Sai na jiyo muryar Inna ta cikin taga, a sama, yadda tsofaffi suke yi in suna waya, kamar wanda suke magana da shi yana hayin gulbi.

"Ban tambaye ka zinari ba! Na ce mi kac ci jiya da dare?"

Na janye hannuna, na bar shi yadda yake.